Ba Ma Tafiya da Boka

Shekarar da Bappa ya sauka gidanmu a Bagadaza, ba ka shiga kasuwa ko masallacin Juma'a sai an lalube ka. Ƙanen mahaifina ne, tsohon ma'aikacin safiyo mai awon ƙasa, da ya yi ritaya ya gina gida a wani gari wajen Borno ya zauna. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, ya fito da rigar jikinsa da tabarau, ya yi kwana biyu a ƙafa kafin ya sami mota. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna nesa, sai ya zo wurina.

Mutumin da na sani da surutu da tsokana ya koma shiru. Daga sallaya sai kujerar roba a bakin ƙofar falo. In aka buga ƙyaure da ƙarfi sai ka ga ya zabura.

Ni a lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, kuma an rufe ta na wasu makonni saboda barazana. Ga zaman gida, ga fargaba. Akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya da makarantar ta yar, na ɗauko ta, a cikinta na tarar da wani wasa da ya girmi ɗalibaina. Za ka haɗa ayarin mutum shida, kowa da sana'arsa, ka sauka da su cikin wani gini na ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, kana neman wani azzalumi da ya ɓuya a can ƙasa. Ba gudu, ba gaggawa. Ka yi taku ɗaya, ka karanta abin da aka rubuta, ka yi tunani, sannan ka sake taku.

Maigidana yana sayar da kayan waya, kuma shi gem ɗin ƙwallo ya sani. Da ya leƙa ya ga hotunan sai ya fashe da dariya.

"Wannan ai gem ɗin kakanni ne. Mutane kamar an jera bulo. Wa yake buga wannan yanzu?"

"Ni," na ce.

Gaskiya kuwa na kusa yarda da shi, don na maƙale a hawa na tara. Duk inda na bi sai in tsinci kaina a bakin matakalar da na sauko. Wata rana bayan azahar, an kawo wuta, ina ta zagaye, sai na ji murya a bayana.

"Kin wuce nan sau uku."

Na waiwaya. Bappa ne tsaye, ya gyara tabarau.

"Bappa, ai duk bangon iri ɗaya ne."

"Bango ba ya zama iri ɗaya. Ke ce ba kya ƙirga taku. Kawo min littafin lissafi, mai gida-gida ɗin nan, da fensir."

Ya jawo kujerarsa ta roba ya zauna kusa da ni. Duk taku ɗaya, gida ɗaya a takarda. Ya sa na yi masa bayanin ayarina: wannan mai takobi, wannan mai mashi, wannan mai baka, wannan mai buɗe makullai, wannan mai magani. Da muka zo kan na shida ya tambayi aikinsa, na ce shi ne mai jefa wuta da tsafi.

"Boka ke nan."

"Wasa ne fa, Bappa."

"Ko a wasa ba ma tafiya da boka. Sallame shi."

Na yi ta roƙo, don shi ne mafi ƙarfi a cikinsu, amma ya kafe. Haka na koma sama na ajiye shi, na ɗauko wani sabon mai magani da ko ɓera yana iya kayar da shi.

Kwana huɗu muna awo, taswirar ba ta haɗuwa. Layin da ya kamata ya dawo inda ya fara sai ya kauce. Bappa ya goge, ya sake, har takardar ta ɓule. A rana ta biyar ya ajiye fensir ya daɗe yana kallonta.

"Awona ba ya ƙarya," ya ce. "In layi ya ƙi rufuwa, to akwai abin da ya motsa. Koma mararrabar nan ta biyu. Ajiye wani abu a ƙasa ta hannun dama kafin ki shiga."

Na ajiye wata tsohuwar garkuwa, na taka cikin mararrabar, na duba. Garkuwar tana hannun hagu. Ashe wurin yana juya mutum ba tare da ya sani ba.

Bappa ya buga cinya. "Munafukai! Sun sa faifai a ƙasa!" Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin rikici.

Daga nan aiki ya rabu: hannu nawa, kai nasa. In an ɗauke wuta yakan zauna da littafin yana tsara inda za mu bi gobe. Shi ya hana ni faɗan da ba dole ba, shi ya ce a riƙa komawa sama a huta tun kafin magani ya ƙare. Ranar da aka ji wata ƙara mai ƙarfi daga wajen tasha har tagogi suka girgiza, na kira maigidana na ji lafiyarsa ƙalau. Na duba Bappa. Can ya ɗauki fensir ya ce, "Muna gida na goma sha biyu, fuskarmu gabas. Ci gaba."

An buɗe makaranta, muka koma yi bayan la'asar da ranakun Asabar. Sai da muka shafe wata uku kafin muka kai hawa na ƙarshe. Azzalumin ya kashe mu sau shida. A na bakwai, wata Asabar da hantsi, Bappa ya ce kada mu kai masa hari tun farko, mu tsaya a lungu inda mutum biyu kawai za su iya fuskantarmu, masu magani biyu su riƙe na gaba har yaransa su ƙare. Abin ya ɗauki kusan awa guda. Maigidana ya sa takalmi zai tafi shago, ya tsaya kallo daga bakin ƙofa, bai tafi ba. Mai baka ya faɗi, mai makullai ya faɗi. Sai ga maigidana yana ihu, "Ba shi magani! Ki ba mai takobin magani mana!"

Sara ɗaya ya rage, na danna. Azzalumin ya faɗi, allon ya yi fari, rubutu ya fara hawa.

Bappa ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi! Kuma ba boka!" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ɗalibaina sukan tambaye ni ko irin waɗannan tsoffin wasanni suna da sauran amfani, tunda ga sababbi masu hoto kamar fim. Nakan ce musu su gwada ɗaya, amma su sami abokin zama, don wasa ne da yake jiranka ka gama shawara da na kusa da kai.

Da yammacin ranar da muka gama wasan, Bappa ya sa babbar riga ya ce zai taka zuwa bakin titi, shi kaɗai. Ya dawo da tsire a takarda, mai yawan yaji, ya ce na ayari ne, muka zauna a tsakar gida mu uku muka cinye.