Kujerar Direba a Jirgin Doha

Abdulbaqi jikan reluwe ne. Kakansa, Malam Garzali, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Zariya yana watsa kwal da shebur cikin wani baƙin kan jirgi ƙirar Ingila, Bature na hakimce a gefe yana busa usur. Kujerar direban nan ko da wasa bai taɓa zama a kanta ba, abin kuwa ya tsaya masa a rai har tsufa. Don haka da jikan ya sami aikin jirgin ƙasa na Metro a Doha, nasiha ɗaya ya yi masa: kada ya dawo sai ya zama direba.

Abdulbaqi ya sauka da ƙarfinsa, sai ya tarar jirgin ba shi da direba. Ya leƙa gaba, ya leƙa baya, gilashi kawai. Aikin da aka ba shi, bawan Allah, shi ne tsayuwa a tashar Mansura yana nuna wa mutane ƙofar da suke gani da idonsu.

Tausayin tsohon ya hana shi faɗin gaskiya, ya ce ai tuƙi yake. Malam Garzali ido ya tafi amma kunne garau, ya ce a jiyar da shi ƙarar jirgin ta waya. Daga nan kowace Juma'a ɗakinsu ya koma tasha. Alidu, ɗan Kumasi da suke ɗaki ɗaya, sai ya ɗora butar shayi ta yi ta fito, ya turnuƙe ɗakin da turaren wuta don a samu tarin gaske, Abdulbaqi na riƙe da waya yana jijjiga gado. Maƙwabta sun ɗauka aljanu ake cirewa.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Rannan tsohon ya saurara, ya ja tsaki.

"Kai ja'iri, mai zuba maka kwal rago ne, tururinsa ko shayi ba zai dafa ba. Kore shi. Na sa a yi mini fasfo, ni zan zuba wa jikana."

Alidu ya sauke buta, ransa a ɓace. Abdulbaqi kuwa kunya ta kama shi har hawaye.

"Tsoho, ka yafe mini. Jirgin nan babu kwal, babu direba. Da kansa yake tafiya."



"Ko Bature babu?"

"Ko Bature."

"To wa ke zama a gaba?"

"Duk wanda ya riga shiga."

"Ko da mai zuba kwal ne?"

"Ko da shi ne."

Aka ji tsohon yana gyara zama a kan tabarma.

"To kada a fasa fasfon nan. Kuma ka tashe ni da wuri, kada wani ya riga ni."