Gida Biyu na 'Yar Farina

A ajinmu na yaƙi da jahilci, malamarmu, wata 'yar Tafawa Ɓalewa mai yawan fara'a, ta rubuta mana kalmomin Turanci biyu a allo: house da home. Ta ce duka gida ne, amma ba ɗaya ba ne. Na dawo unguwarmu Ƙofar Wambai ban gane ba.

A tsakar gida na tarar da 'yar farina tana tsintar shinkafa. Tun da aka yaye ta, kakarta Inna ta ɗauke ta zuwa Miri kamar yadda aka saba, sai da za ta shiga sakandare aka maido mini ita. Ba na faɗin sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane. Haka na ga iyayenmu suna yi wa ɗan fari. Ita ma Yaya take ce mini.

Na ce, "Ke, zo ki raba mini waɗannan."

Ta yi dariya. "Yaya, yau kuma ɗalibata kika zama? House ginin ne. Kina iya ƙirga shi, ki saya, ki sayar. In za ki je, sai kin sa kalmar to, ki ce go to the house. Home kuwa ba ya son to. Go home kawai."

"To mene ne shi?"

"Inda hankalinki yake kwanciya. Misali, nan house ne. Ranar hutu zan go home."

"Ina kenan?"

"Miri mana, wajen Inna."

Ba ta ko ɗago kai ba. Ba da fushi ta faɗa ba, misali kawai ta ba ni, ta ci gaba da fitar da tsakuwa. Ni kuwa sai na zauna a kan turmi. Yarinyar da nake ɓoye wa tsokar nama a ƙasan tuwo, wadda nake laɓewa a zaure in ga ta sha kwana lafiya. Ashe kunyar da nake taƙama da ita, ita gini ta gani babu kowa a ciki.

Da safe ta ɗauki jaka za ta fita. Na tattara ƙarfina na kira ta da sunanta na yanka.

Ta tsaya, ta dubi ƙofar maƙwabta, ta dubi zaure, tana neman mai kiran.

Na sake kira.