Malam Doya Zai Ajiye Usur

Kullum da sassafe, kafin masu zuwa gona su fito, za ka tarar da Malam Thaddeus Yamusa a filin makarantar firamare a Jiwa, usur a wuya, yana tsince duwatsu da ƙaya daga hanyar gudu. Shekara talatin da biyar yana koyar da motsa jiki, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Yara na kiransa Malam Doya. A gabana aka raɗa masa sunan, kuma har da bakina a ciki.

A 1992 ne, 'yan watanni bayan an kwaso mu daga Legas da fayilolinmu da iyalanmu zuwa sabon babban birnin tarayya, maƙwabcin Jiwa. Aka shirya tseren 'yan firamare, aka ce yarinyar da ta zo ta ɗaya a mita dubu ɗaya da ɗari biyar za ta sami gurbi kyauta a makarantar kwana. Malam Thaddeus yana da wata ɗaliba, Helen, 'yar aji shida, wadda babanta ya gaya masa ƙiri-ƙiri, "Malam, in Helen bai ci ba, gona zai koma."

Mu ma'aikatan tarayya kuwa mun san komai. Mun san mai tsere ba ya karyawa, ba ya shan ruwa don kada ya yi nauyi, sai dai ya lashi garin gulukos a tafin hannu daf da tashi. Ni ma na sayo wa 'yata Ameera gwangwani guda, na hana ta shayi.

Ƙarfe takwas muka isa, saura awa uku a fara, muka iske 'yan Jiwa a gindin mangwaro suna cin dafaffiyar doya da manja, suna korawa da ruwa. Na ce wa Malam Thaddeus, "Oga, biki aka zo ko tsere?" Muka yi ta dariya, muna ce masa Malam Doya. Helen ba ta yi ba. Ta kalli gwangwanayenmu ta ce, "Malam, su suna da maganin gudu, mu babu."

Ya tsuguna gabanta, ni kuma na kasa kunne don in ƙara samun abin dariya. Ya ce, "Jikinki murhu ne, makamashinsa iri uku. Akwai busasshiyar ciyawa, tana ci bal-bal, kafin ki ƙirga goma ta ƙare. Akwai kara, yana kai minti ɗaya ko biyu, ya bar ki da nauyin ƙafa. Sai itace, shi ne doyar da kika ci jiya da yau, jiki ya mayar da ita sukari ya adana a tsoka. Itace ba ya ci sai da iska. Ki tafi daidai numfashinki, ki ajiye ciyawar sai kin hango layin ƙarshe."

Aka busa usur, yaranmu suka fita kamar an koro su. A zagayen farko Helen ce ta ƙarshe, har babanta ya juya yana neman hanyar gida. A na uku sai ga 'yan gulukos sun riƙe kwiɓi, baki a buɗe, ita kuwa tana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da ta hango layi ta kunna ciyawarta, ta zo ta ɗaya. Ameera ta zo ta biyar, ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Na ji kunya ranar, kuma na ji daɗi.

Kai ne, Malam Thaddeus, ka koyar da abin da ke cikin manyan littattafai da tukunya ɗaya da murhu. Ba ka rama dariyarmu ba, sai ma ka miƙo wa Ameera ragowar doya da ruwa. Mun yi maka sunan tsokana, ka karɓe shi, ka mayar da shi kirari.

Mun gode, Allah ya ba da ladan aiki, ya sa ka huta lafiya. Malamai masu tasowa, ku leƙa Jiwa kafin wata ya ƙare ku ga yadda ake tsugunawa a yi wa yaro bayani da abin da ya sani. Helen yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ke auna mini sukari duk wata. In ya hau, sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, har yanzu gulukos ɗin nan ne?"