Albasa Ta Bi Ni Har Holan

Jiya ina zazzage tsohon akwatina a gidanmu na Aliero, na ci karo da wani kaset. Na aro rediyo na kunna, sai ga muryar marigayi Baba tana surfa mini faɗa kamar yau aka ɗauka.

Lokacin jihar Kebbi tana sabuwa, ni ina digiri na biyu a Holan. Makaranta ta bar mu ɗaliban waje mu koyi aiki a kamfanoni, ana biyanmu. Na dace da kamfanin irin albasa, na rubuto gida ina ta rawar kai.

Baba ya aiko amsa a kaset:

"Bello, mi ni ka ji? Na gama cika baki kasuwar Jega cewa ɗana na Turai zai zama dakta, ashe ƙodago ka ka yi gonar albasa! In ita ka ka so, ga fadama nan Sabiyal, ba sai da jirgi ba."

A can Holan, daidai nan na kashe don haushi, ban sake kunnawa ba. Jiya na bar shi ya ci gaba.

Tsohon ya yi gyaran murya, ya rage sauti:

"To, tunda kana wurin, tambai min su, mi su ka yi tasu ba ta ruɓewa wurin ajiya? Kak ka ce ni nat tambaya."

Na yi dariya har hawaye. Ashe har ya rasu amsa yake jira, dakta yana can yana hura hanci.

Ku fa, wace maganar tsohonku kuka katse ba ta kai ƙarshe ba?