Kason Maƙeri

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na ɗauko mahaifina daga Damagaram na kawo shi wurina a unguwar Parkchester da ke birnin New York. A zatona gata na yi masa: ga ɗaki mai ɗumi, ga asibiti kusa, ga tuwon surukarsa. Amma mutumin da ya tashi a maƙera, wanda hannunsa bai taɓa rabuwa da guduma da awartaki ba, sai ga shi zaune a bakin taga yana kallon motoci. Ya rame, ya daina hira, kullum maganarsa ɗaya ce: "Ka mai da ni gida." Ni kuwa na san babu mai kula da ciwon sugansa a can, in ya tafi ba lallai in sake ganinsa ba. Wannan tsoron ya hana ni sakat.

A masallacinmu akwai wani dattijo, baƙin Ba'amurke, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Wata Juma'a suka gaisa da Baba, sai dattijon ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana duba tabon ƙuna a yatsunsa, sannan ya nuna masa nasa. Da na ce masa Baba maƙeri ne, sai fuskarsa ta washe. Ashe shi ma mai aiki da wuta ne. Yana da lasisin riƙe ƙaramar bindiga mai juyi, irin ta kaboyi, kuma ba ya sayen harsashi. A garejin gidansa yake narka dalma, ya zuba kawunan harsashi da kansa, ya ɗura su a ƙwanso. Ya ce in kawo Baba ya gani.

Da na ji an ambaci bindiga, a New York kuma, sai na fara neman hanyar zamewa. Ni da nake sayar da shadda da turare a titi na 116, wanda ko jiniyar motar kashe gobara na ji sai na laluba aljihu in tabbatar takarduna na zama a ƙasa suna nan. Sai da dattijon ya nuna mini lasisinsa na ɗan nutsu. Baba ya harare ni ya ce, "Kai dai tun kana goye matsoraci ne. Ni da na yi wa maharba harsashi kafin a haife ka?"

Ranar da muka shiga garejin, Baba ya tsaya ya shaƙi warin narkakkiyar dalma, na ga ƙwalla a idonsa. Kafin in gama fassara gaisuwa ya naɗe hannun riga. Daga nan suka ɗinke. Babu yaren da ya haɗa su sai bismillah, masha Allah da alhamdu lillah, kuma abin mamaki waɗannan sun ishe su. Baba ke zubi yana ware masu tawaya, dattijon ke ɗura albarushi, don wannan ɓangaren shi kaɗai yake taɓawa. A gida Baba ya fara neman ƙarin tuwo, har yana tsokanar matata wai miyarta ta fara jin tsoron gishiri. Ni kuwa murna kamar an yi mini bushara da Aljanna.

Kwatsam wata safiya Baba ya ce ba ya zuwa garejin. Ya koma bakin taga, maganar tafiya gida ta dawo sabuwa. Na yi juyin duniya ya faɗa mini abin da aka yi masa, ya ƙi. Sai da na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, don girman Allah," sannan ya buɗe baki.

"Mutumin nan marowaci ne," in ji shi. "A garinmu maharbi in ya samo nama, ba ya shiga gidansa sai ya biyo ta maƙera ya ajiye ƙafa ɗaya. Ba don yunwa ba, girmamawa ce. Harsashi nawa na zuba masa? Ko fiffiken zabo bai taɓa kawo mini ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Ko dai ya raina ni, ko kuwa hannun ne ya mutu, harsashina ba ya kashe komai, yana jin kunyar faɗa mini."

Dariya ta taso mini, amma da na ga idonsa na haɗiye ta. Na ce, "Baba, ai ba farauta yake zuwa ba. Wurin gwajin harbi yake zuwa, takarda yake harbi."

"Takarda?"

"Takarda, Baba."

"To, ka girma, ka fara yi mini ƙarya. Mutum da furfurarsa ya ɗauki bindiga ya je harbin takarda? Me ta yi masa?"

Na kira dattijon na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari, sannan muryarsa ta canza, ya ce wallahi ya ji kunya, in gaya wa ɗan'uwansa Baba yana nan tafe.

Ranar Asabar bayan la'asar sai ga shi da naɗaɗɗiyar takarda a hammata da leda a hannu. Ya shimfiɗa takardar a gaban Baba. Zane ne na da'ira cikin da'ira, tsakiyar duk ta huje, ramukan sun taru wuri ɗaya. Ya ce in gaya masa harsashinsa ne ya yi wannan, kuma shi ya daɗe bai yi harbi mai kyau haka ba. Baba ya zura yatsa a ramin, ya juya takardar gaba da baya.

"Wannan ce dabbar?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

"To ai ta mutu murus."

Dattijon ya tambaya wane ɓangare ne kason maƙeri. Baba ya ce ƙafar gaba ta dama. Tsofaffi biyu suka duƙa suna neman ƙafa a jikin takarda, matata na leƙe daga kicin ta toshe baki da mayafi. Can dattijon ya yage kusurwar dama, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya karɓa da hannu biyu, fuska a ɗaure, ya ce, "Allah ya ƙara sa'a, Allah ya tsare ka da sharrin daji." Dattijon ya ce amin. Da ya buɗe ledar, ƙafar rago ce ya biya ta wurin mahauci ya sayo. Baba ya ce, "Ka gaya masa wannan sadaka ce. Kasona na riga na karɓa." Sai a sannan ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun mahaifiyata na da rai.

Har yau in na tuna ina dariya. Ni ina ta lissafin magani da abinci, ashe abin da tsohon ke nema shi ne ya san har yanzu hannunsa na da amfani a wurin wani. Muna cikin cin naman a ranar ya juyo ya ce da ni, "Kai, ka sayo mini rigar sanyi mai kauri. Garejin nan zai yi sanyi in hunturu ya shigo, kuma aiki na da yawa a gabanmu."