Ranar da Na Kai Unguwa Kamun Fara

A shekarun babban yaƙin nan na duniya alhazai suka yi ƙaranci a Makka, mu 'yan dako muka rasa abin ɗauka. Matata tana da cikin fari a lokacin, kuma ba abin da take kwaɗayi sai fara. Ba ta ce nama ba, don ta san halin da ake ciki. Soyayyar fara kawai da ɗan gishiri. Ko wannan ya gagare ni, abin kuwa yana ci mini rai.

Wata rana na fita neman itace wajen Muzdalifa, bayan an kwana biyu ana ruwa. Ruwan ya kwanta a wani kwari har ya zama tafki. Daga kan dutse, da la'asar sakaliya, na hango wani abu ja-ja yana sauka a bakin ruwan kamar hayaƙi. Da na ƙarasa na duba, da ban sha kunya ba. Amma ni da gaggawa tamkar uwa ɗaya ta haife mu. Na juyo unguwarmu Hindawiyya ina shelar fara ta sauka.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya tare ni. "Ka gani da idonka, yaro?"

"Wallahi, Baba, ta rufe bakin ruwa."

"To, yalla, maza a nemo buhuna."

Da sanyin safiya ake kamun fara, kafin rana ta ɗumama ta ta tashi. Muka yi sammako mu tara, kowa da buhunsa. Ni biyu na ɗauka, saboda zari. Na ce wa matata ta wanke kasko.

Muna isa na ga ashe ba fara ba ce. Malam-buɗe-littafi ne. Jingim a kan tumfafiya, a kan laka, a kan duwatsu, ruwan goro da baƙin gefe. Da rana ta taɓa su sai suka fara tashi, suka bi gefen ruwan suka miƙa arewa, ayari bayan ayari, ba mai waiwaye. Suna gogar fuskata ina kaɗe su. Ban taɓa jin haushin abu mai kyau irin na ranar ba.

Dattijon ya saki baki. "Subhanallahi! Rabona da ganin haka tun muna tahowa a ƙasa, a bakin Tafkin Chadi."

"Baba, guda nawa za a soya maka?" Da na faɗa na yi nadama, amma magana zarar bunu ce.

Sauran ba su raga mini ba. "Ya shaikh, halas, shi ke nan, daga yau kai ne sarkin farauta!" Haka suka yi ta tsiyata har gida, ga yunwa, ga rana.

Na tarar da ita a ƙofar ɗaki, ta dafe ƙugu saboda nauyin ciki. Ta dubi buhunan a naɗe a hammatata. Na fara bayani, ina zagin ƙwari, ina zagin kaina.

"Ma'alesh, ba komai, maigida," ta ce. "Ai dama kwaɗayin ya sake ni tun jiya."

Da faɗa ta yi mini, da na sami abin da zan ce. Na san ƙarya take yi, ta kuma san na sani. Ba ta ƙara ambaton fara a gabana ba har ta haihu.