Wayar Da Na Koya Wa Ƙarya

A gidanmu waya ba ta da mai ita. Kai ka sayar da albasarka ka saya, amma da ka ajiye ta kan tabarma ta zama ta jama'a. Baba ya ɗauka ya ji farashin tumatir, Gwaggo ƙanwarsa ta ɗauka ta kira 'yarta a Zakirai. Inna kuwa kullum bayan la'asar sai na kunna mata wa'azi, ta jingina wayar da kwarya tana tsintar shinkafa. In ka sa lambar sirri ka zagi gida ke nan. Sai an tambaye ka me kake ɓoyewa, kuma a gaban kowa.

Ni kuwa ina da abin ɓoyewa. Tun tasowata na san zuciyata ba ga mata take karkata ba, ga maza ne. Ko bango ban taɓa faɗa wa ba, don na san garinmu. Ranar da maganar ta fita, babu mai sake ba ni hannu a masallaci, in ma abin ya tsaya nan. Na iya bakina, na iya idona, na iya ƙyaƙyata dariya a majalisa in ana hirar 'yan mata. Babban yatsana ne kawai ban iya ba.

Ashe wayar munafuka ce, tana lura da inda yatsa ya tsaya. Ban rubuta mata komai ba. Ina dai zaune a gonar rani ta Watari, ina jiran ruwa ya zagaye albasa, na ɗan daɗe kan bidiyon 'yan dambe. Shi ke nan ta ga gadon barcina. Daga dambe ta koma samari ba riga a ƙasashen da ban san sunansu ba, daga nan sai tallan manhajar haɗa maza da maza. Ko dillalin kasuwar Bagwai bai kai ta naci ba.

Wata la'asar malam ya gama bayanin alwala, wayar ta zarce da kanta zuwa wani ƙato yana shafa mai a ƙirji. Inna ta ɗaga ido, ta mayar kan shinkafarta. Na fizge wayar ina zagin kamfanin layi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na goge duk abin da ake gogewa, 'yar banza ba ta manta ba. Sai na ce tunda gulma take so, bari in ba ta ta ƙarya. Na shiga neman akwatunan lefe, atamfa, lalle, gadon amarya. Ina kallon bidiyon kamu har ƙarshe, fuska a yamutse kamar mai shan maɗaci. Wayar ta haɗiye. Ƙattin suka ɓace, amare suka cika ta, har na fara jin kaina wani gwani.

Na manta Gwaggo. Ta ɗauka za ta kira Zakirai, ta ci karo da tallan akwati saiti guda, ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Kafin magariba Baba ya fara yi wa bijiminsa kallon kasuwa. Gwaggo kuma har ta zaɓo mini yarinya, 'yar maƙwabta mai hankali, wadda ba ta yi mini laifin komai ba balle a kawo ta cikin ƙaryata. A nan dariya ta ƙare mini. In na ƙi, a tambayi dalili. In na yarda, na cuce ta.

Ina cikin wannan na kunna wa Inna wa'azinta kamar kullum. Malam ya yi addu'a ya rufe, sai ga amarya ana yi mata kwalliya. Inna ta dube ta, ta hure ƙaiƙayi daga faifai.

"Wannan abar taka ta koyi ƙarya," ta ce. "Da ba ta yi."

Inna ba ta karanta boko, shi ya sa na ɗauka ba ta ganin komai. Na tsaya jiran kuka ko tsinuwa, na ma fi tsoron kukan.

Ba ta dube ni ba. Ta ce ta riga ta gaya wa Gwaggo ba yanzu ba, kuma kada a sake kai sunan 'yar mutane bakin duniya. Sannan ta kife wayar, ta turo mini ita da bayan hannu.

"Ka sa mata mukulli. Wanda ya tambaya, ka ce ni na ce. Ni ka sayo mini rediyo."

Ranar kasuwa na sayo mata ƙarama mai batir. Har yau bayan la'asar da ita take jin wa'azi, kuma ba ta sake cewa in miƙo mata wayata ba.